Tasha, Shara da Motar Haya: Ina Hurumin Kansila Ya Tsaya?

Wani bawan Allah daga Bachirawa ya aiko da tambaya. Ya ce kullum sai ya ɓata kusan awa guda a bakin titi kafin ya samu adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari, ga bola ta cinye rabin layinsu, ga magudanar ruwa a toshe. Ya je wajen kansilansu, kansila ya ce masa wannan ba huruminsa ba ne. Shi ne yake tambaya: to idan ba na kansila ba ne, na wane ne, kuma me majalisar ƙaramar hukuma take yi?

Malam, kansilanka ya faɗa maka rabin gaskiya, ya riƙe rabi. Na yi shekaru a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma kafin na koma harkar tsara birane, kuma wannan amsar ta "ba huruminmu ba ne" na ji ta sau ba adadi, ni kaina na taɓa bayar da ita. Bari in warware maka inda take gaskiya da inda take zama mafaka.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne Kano ba ta da majalisar birni guda ɗaya. Abin da kake kira birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne suka raba shi: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, kuma yanzu gine-gine sun tsallaka har cikin maƙwabtansu. Kowacce da ciyaman ɗinta, da kansilolinta, da ma'ajinta, da kasafinta. Kai kana kwana a Ungogo, kana neman abinci a Fagge. Mutumin Panshekara da ke da rumfa a kasuwar Sabon Gari yana tasowa daga Kumbotso, ya ratsa Sharaɗa a Birni da Kewaye, ya sauka a Fagge. Babu kansila ɗaya, babu ciyaman ɗaya da ikonsa ya kai tsawon tafiyarka ta safe. Wannan shi ne tushen matsalar, sauran duk rassa ne.

Da ba haka abin yake ba. Zamanin En'e hukuma ɗaya ce ke riƙe da gari, da baitulmalinta da 'yan dokarta da sashen ayyukanta da duba-garinta. Gyaran fasalin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo tsari iri ɗaya a faɗin Najeriya, daga baya gwamnatocin soja suka yi ta tsattsaga su har suka kai 774, Kano ta tashi da 44. Tsagawar ta kawo hukuma kusa da ƙauye, wannan ba a musu. Amma a birni ta yanka abu ɗaya gunduwa-gunduwa. Ruwan sama bai san iyakar Dala da Fagge ba, shara ba ta sani ba, fasinja ma haka.

Yanzu ga abin da doka ta ce. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu, jadawali na huɗu kuma ya jera ayyukansu. A ciki akwai kafawa da kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da banɗakunan jama'a. Akwai maƙabartu. Akwai kwashe shara. Akwai ginawa da gyaran tituna na cikin unguwa, da fitilunsu, da magudanan ruwa. Akwai sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale. Sannan aka ce su sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Ka ga kenan bolar layinku da magudanarku suna cikin jerin, baƙi da fari. A nan kansilanka ba shi da inda zai ɓuya.

Amma duba abin da babu a jerin. Ba a ba su lasisin abin hawa mai inji ba. Ba a ce su tsara hanyar da bas zai bi ba. Adaidaita sahu inji gare shi, don haka rajistarsa da dokar hanyarsa suna hannun jiha. Kuma akwai wata doka da mutane ba su cika lura da ita ba, wadda a ganina ita ta fi ɗaure wa ƙaramar hukuma hannu: dokar amfani da ƙasa ta 1978. Ta sa duk ƙasar da ke cikin birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ta karkara kawai. To tsarin mulki ya ce ka kafa tasha, wata dokar kuma ta ce fili ba naka ba ne. Ciyaman da ke son tasha a cikin gari sai ya je ya roƙi fili kamar kowa. An ba ka tukunya, an riƙe murhu.

Shi ya sa idan ka duba waɗanda ke gudanar da birnin a zahiri, za ka ga hukumomin jiha ne. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa wadda aka kafa a 2012, ita ke kan titi da masu adaidaita sahu. KNUPDA ke ba da izinin gini da tsara unguwanni. REMASAB ke da manyan motocin shara. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ke juya makarantun firamare, hukumar lafiya matakin farko ke juya ƙananan asibitoci, ko da yake daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashin malaman firamare. Manyan hanyoyin da suka fita gari, irin su titin Zariya da titin Katsina da kake tsayuwa a bakinsa, asalinsu na gwamnatin tarayya ne. Titi ɗaya sai ka tarar kwaltarsa ta tarayya ce, mai ba da hannu na jiha ne, kwatar da ke zubowa cikinsa daga lungu ta ƙaramar hukuma ce.

Ka tuna ma yadda adaidaita sahun ya zo. Zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da shi domin mata su daina hawa acaɓa, sunan ma daga shirin gwamnatinsa na gyaran tarbiyya ya samo asali. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni. Cikin ɗan lokaci adaidaita ya cike gurbin. Babu wanda ya zauna ya zana cewa wannan ne zai zama ƙashin bayan sufurin birni mai miliyoyin mutane. Matakin tsaro ne da matakin tarbiyya suka haifi tsarin sufuri, kuma babu majalisar kansilolin da aka tambaya. A 2021 da 2022 da masu adaidaita suka yi yajin aiki kan kuɗaɗen da ake karɓa a hannunsu, kowa ya ga gari ya tsaya cak, ɗalibai da 'yan kasuwa suna taka sayyada. Da KAROTA suka yi rigimar, da gwamnatin jiha aka sasanta.

To me ya rage wa majalisa? Abu mai yawa, idan tana so.

Ƙaramar hukuma ɓangare biyu ce. Akwai na zartarwa: ciyaman, mataimakinsa, sakatare, da kansiloli masu gafaka waɗanda ake naɗawa su kula da sassa kamar ayyuka, lafiya, ilimi da noma. Akwai kuma majalisa, wato zaɓaɓɓun kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa, Kano tana da mazaɓu 484. Mutane sukan haɗa su wuri guda, alhali aikin na biyun shi ne sa ido a kan na farkon. Kansilan da ka zaɓa ba ɗan kwangila ba ne, ba kuma mai raba shinkafar azumi ba ne, ko da yake mu masu zaɓe mun mayar da shi haka. Makamansa uku ne: kasafin kuɗi, dokokin ƙaramar hukuma, da ikon kiran shugaban sashe ya zo ya yi bayani.

Kasafi shi ne babba. Sashen tsare-tsare ke tattara buƙatun sassa, ciyaman ya gabatar, majalisa ta duba ta amince. A nan ne kansila mai kishin mazaɓarsa yake yin aikinsa na shekara. Idan ba a rubuta yashe magudanar layinku a kasafi ba, to duk ihun da za a yi a watan Agusta bayan ruwa ya shiga ɗakuna, jifa ne bayan tsuntsu ya tashi. Lokacin magana shi ne ƙarshen shekara, sa'ad da ake haɗa takardun, aikin kuma a yi shi kafin damina ta faɗi. Na sha ganin kansiloli sun amince da kasafi a zama ɗaya, ba wanda ya buɗe shafin ayyuka. Bayan wata shida sai ka ji suna ƙorafi an mayar da mazaɓunsu saniyar ware.

Sa ido a kan ayyukan jama'a kuwa ba ya buƙatar digiri, lissafi yake buƙata da ƙafa. Kwamitin lafiya na majalisa ya je asibitin sha-ka-tafi ba tare da sanarwa ba, ya duba rajistar halartar ma'aikata, ya ƙirga waɗanda ke wurin. Ya buɗe firjin rigakafi ya ga ko yana sanyi. Kwamitin ayyuka ya riƙe jerin rijiyoyin burtsatse da aka biya kuɗin gyaransu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buga famfo. Kwamitin kuɗi ya ɗauki littattafan rasit na kasuwa da tasha, ya ƙirga rumfuna da motocin da ke lodi a rana, ya gwada da abin da ya shiga asusu. Wannan na ƙarshen shi ne wanda kowa ke kauce wa, domin a nan gizo ke saƙa. Tsakanin abin da direba ke biya a ƙofar tasha da abin da ma'aji ke gani akwai hannaye da yawa, na 'yan kamasho, na ƙungiya, na masu karɓar haraji, kuma kowane hannu yana da ubangida. Akwai babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi a jiha, rahotonsa na zuwa majalisar dokoki, amma yakan zo bayan an daɗe da cinye tuwon an wanke kwano.

Shara kuma aikin raba-daidai ne, ko da ba a rubuta haka ba. Babbar mota ba ta shiga lungu. Dole wani ya fito da sharar daga ƙofar gida zuwa matattara, masu baro da kura ke yin wannan, sannan motar jiha ta ɗauka zuwa juji. Inda bola ke tsirowa shi ne inda sarƙar ta tsinke: ko babu matattarar da aka ware, ko akwai amma mota ba ta zuwa. Ware wuri, da tsara masu baro, da tura duba-gari, da hukunta mai zuba shara a kwata, duk ƙaramar hukuma na iya yi gobe da safe, tare da mai unguwa da dagaci. Su ne suka san gidan da ke fito da shara da daddare.

Sai dai kada in yi wa kansila rashin adalci, akwai maganar kuɗi. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, amma shekara da shekaru kuɗin na biyowa ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanada. Kafin ya iso an cire na malamai, na fansho, na masarautu, na ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage wani lokaci albashi kawai yake biya. Ga kuma al'adar naɗa kantomomi a jihohi da dama maimakon yin zaɓe, kuma inda aka naɗa kantoma babu zaɓaɓɓiyar majalisar da za ta tambaye shi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa nasa. Hukunci ne babba. Amma ni ban ɗauke shi maganin komai ba. Kuɗi kai tsaye a hannun ciyaman da majalisarsa ba ta tambayarsa, canjin aljihu ne kawai. Ga shi manyan ma'aikatan ƙaramar hukuma ma hukumar jiha ce ke ɗaukarsu, ta yi musu ƙarin girma, ta yi musu canjin wurin aiki. Ma'aji ya san wanda zai iya tura shi ƙauye, kuma ba kansila ba ne.

Mu dawo kan awa gudan da kake ɓatawa a bakin titi, don nan ne fagena. Tsara sufuri ba daga sayen bas yake farawa ba, daga ƙirga yake farawa. Ana tsayar da mutane a mahaɗu tun daga asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa isha, suna ƙirga abin hawa da mutanen da ke ciki. Ana shiga gidaje a tambayi mutane daga ina suke tashi, ina suke zuwa, ƙarfe nawa, nawa suke kashewa. Daga nan sai hoton gari ya fito: za ka ga 'yan hanyoyi ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawan jama'a, duk suna kwarara zuwa Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai da safe, su juyo da yamma. Waɗannan hanyoyin babbar mota suke so. Ɗauki misali don lissafi kawai: a ce mutum 3,000 ke son shiga gari ta hanya ɗaya cikin awa guda. Adaidaita mai ɗaukar mutum 4 sai an yi sawu 750. Bas mai ɗaukar 60, sawu 50 ya isa. Faɗin titin bai canza ba, abin da ke kansa ne ya canza. Gadar sama tana warware ƙulli a mahaɗa ɗaya, ta tura cunkoson mahaɗa ta gaba, ba ta rage sawu 750 ɗin nan ko da ɗaya.

Wannan ba yana nufin a kori adaidaita ba. Dubban gidaje ke ci daga gare shi, kuma yana shiga inda bas ba zai taɓa shiga ba. Wurinsa shi ne ɗebo mutane daga cikin unguwa zuwa bakin babban titi. Legas ta gane haka da wuri. Ta kafa hukumar LAMATA a 2002 domin tsara sufurin birnin gaba ɗaya, a Maris na 2008 ta buɗe layin bas mai keɓaɓɓiyar hanya daga Mile 12 zuwa CMS, kuma dabarar da ta yi ita ce ta jawo ƙungiyar direbobi cikin harkar, suka zama masu gudanar da motocin maimakon masu yaƙi da su. A Landan ma rabon aikin a fili yake: tun 2000 akwai magajin gari ɗaya da hukumar sufuri ɗaya ga dukan birnin, ita ke zana hanyoyin bas ta ba kamfanoni kwangilar tuƙawa, su kuma ƙananan majalisu 32 suna riƙe da shara da yawancin titunan unguwa da wuraren ajiye mota. Kusa da mu, Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa kowanne an tsara shi a matsayin birni ɗaya mai majalisa ɗaya, da gundumomi a ƙarƙashinsa, ko da yake sojoji sun rushe majalisun a 2024 sun naɗa masu riƙo. Kano ma ta taɓa yin tsarin raya birni na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya kalli garin a matsayin abu ɗaya. Ra'ayina shi ne babbar hanya ta zauna a hannun hukuma ɗaya, amma ƙananan hukumomin takwas su samu kujera a teburin da ake yanke shawara, ba a riƙa sanar da su a rediyo ba.

Ko a yanzu, da tsarin yadda yake, rabon majalisa a sufuri ba ƙarami ba ne. Tasha tata ce. Inda adaidaita ke tsayawa ya yi lodi a bakin kasuwa, da 'yan tebur da suka cinye gefen titi har fasinja ya koma tsayuwa a kan kwalta, da titin cikin unguwa da ya fashe har direba ke ƙin shiga ko ya ninka kuɗi, da fitilar da ta mutu har mata ke tsoron fitowa bayan magariba, duk nata ne. Sau da yawa abin da ke hana ka samun abin hawa ba ƙarancinsa ba ne. Suna cika tun daga sama kafin su iso inda kake, domin babu matsaya a unguwarku da wasu za su fara lodi daga nan.

A nan zan ba ka labarin kuskuren da na sa hannu a ciki. Mun taɓa gina ƙaramar tasha, da rumfa da banɗaki da katanga, a filin da muka samu a sauƙaƙe, nesa kaɗan da inda mutane suka saba tsayuwa. Ba mu ƙirga kowa ba, ba mu tambayi direba ko ɗaya ba. Aka yanka kirtani, aka yi hoto. Sati biyu direbobi suka koma bakin titi, domin fasinja ba zai yi tafiyar minti goma da kaya a ka ba alhali ga mota na wucewa ta gabansa. Tashar ta zama wurin shanya da ɗaure awaki. Majalisa ta amince da kuɗin ba tare da tambaya ɗaya ba, kuma da wani kansila ya ce mu kawo ƙidayar fasinja kafin a saki ko sisi, da mun ji haushinsa, da kuma ya cece mu.

Don haka ka koma wajen kansilanka, amma kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je da baki. Ku haɗu da mai unguwa da limami da shugaban masu adaidaita na yankinku. Ku sa matasa biyu su tsaya a bakin titi kwana biyar, daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, su rubuta mutum nawa ke jira da minti nawa kowa ke yi. Ku ɗauki hoton bolar da magudanar da kwanan wata. Ku rubuta takarda biyu. Ta farko zuwa ga ciyaman ta hannun kansila, kan matattarar shara da yashe magudana da wurin lodin adaidaita, ku nemi a sa su cikin kasafin shekara mai zuwa, ku kuma nemi ranar da majalisa za ta zauna a kai domin ku halarta. Ta biyu zuwa ga KAROTA da ma'aikatar sufuri ta jiha kan hanyar kanta, ku ba ɗan majalisar jiharku kwafi, don shi ne ke da ikon kiran waɗannan hukumomin. Kowace takarda ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ku ajiye ta wajen mai unguwa.